Na sa Ogana shara kwana ashirin

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni tela ne a Wuse, aikin wuyan babbar riga nake yi. Shekara bakwai na yi ina koyo a wajen wani dattijo ɗan Zariya, zan kira shi Oga kawai. Mutumin nan ya iya aiki, amma bakinsa wuta. Shekarar farko tsintsiya kawai na riƙe. Sunan da ya sa min Hannun Katako, kuma a gaban kwastoma yake kirana da shi. A ƙa'ida in yaro ya gama ana masa firidom, a yi addu'a, oga ya miƙa masa almakashi. Sa'o'ina duk an yaye su, ni kullum "saura kaɗan". Na gaji na tafi ba sallama.

Sai Allah ya haɗa ni da masu injin kwamfuta, wanda za ka sa masa zane ya ɗinke wuya kafin ka sha shayi. Na koya, yau ina da shagona da inji biyu. Aikin da Oga ke sati uku a kansa, ni kafin azahar na gama. Kwastomominsa suka dawo wajena ɗaya bayan ɗaya, wallahi ban ji tausayi ba.

Watan jiya sai ga shi a ƙofar shagona, ya rame, ya ce ya rufe shago, idonsa ya daina ganin kafar allura sosai, yana so in koya masa kwamfutar ko ya samu na cefane. Na ce to Oga, ai ka san ƙa'ida, da shara ake farawa. Na zaci zai yi zuciya. Ya ɗauki tsintsiya. Kullum daga Masaka yake tasowa, a cikin wannan go-sulo, ya riga ni isowa. Kwana ashirin ban bari ya taɓa ko waya ba. Rannan ya zubar da kwalin zare, na ce a hankali dai Hannun Katako, kwastomomi suka kwashe da dariya. Gaskiya na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ga inda abin ya tsaya min. Zanen da ya fi ciniki a injina nasa ne. Wata tsohuwar aska takwas ce da ya yi, na ɗauki hotonta tun ina wajensa, na zuba a kwamfuta. Akwai wani ɗan lanƙwasa a gefen hagu, har talla nake da shi, ina ce wa mutane tambarina ne. Ranar Talata yana shara ya tsaya bayana yana kallon sikirin. Na zaci ya gane zanensa ne, na shirya rashin kunya. Sai ya sa yatsa a wurin ya ce wannan ba ado ba ne, hannunsa ne ya goce ranar da aka zo masa da labarin rasuwar mahaifiyarsa, in goge shi kada in ci gaba da sayar wa mutane kuskure. Ya gama shararsa, ya ajiye wani ƙunshi a kan tebur ya fita. Na buɗe, almakashi ne.

Yau kwana huɗu bai zo ba. Matarsa ta kira jiya tana min godiya, wai ya ce musu ina koya masa sosai, har ya kusa fara aiki da inji, yanzu yana hutawa ne kawai. Na ce mata haka ne Mama.

Ban iya goge lanƙwasan ba, ban iya ɗinka shi ba. Shekara bakwai ɗina kuma har yanzu suna min zafi. In je Masaka in ce masa me? In na je, a gaban matarsa zan faɗi gaskiya, ko in bar masa ƙaryar da ya rufa min asiri da ita?