Ƙofa Ɗaya Ga Mutum Ɗari Bakwai

Daga: Hajiya Hansai Badamasi,
Malamar tarihi mai ritaya,
Unguwar Badi'a, Riyad.

Zuwa ga: Alhaji Zayyanu Maikuɗi,
Shugaban Ƙungiyar Inuwar Baƙo,
Ofishin Ƙungiya, Utaiƙa, Riyad.

Lahadi, 27 ga Rabi'us Sani 1447, daidai da 19 ga Oktoba 2025.

Game da: Ƙorafi kan dandalin kallon da kwamiti ya raɗa wa suna "Kolosiyam ɗin Hausawa", da neman a gyara shi kafin Juma'a, 7 ga Nuwamba.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a rubuce, tunda na gabatar da shi da baki sau biyu iska ta kwashe.

Ni ce mai lamba 58 a rajistar ƙungiya. Shekarata saba'in da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki na yi su ina koyar da tarihi a kwalejin horon malamai. Tun 2016 nake zaune a nan wurin ɗana, kuma ni nake riƙe da ajin yaƙi da jahilci na mata kowace Talata.

A ranar 12 ga Satumba kwamiti ya sanar cewa za a yi bikin cikar ƙungiya shekara goma da wasan kokawa, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa mai fili, da aka kama haya a hanyar Dirab, kuma 'ya'yan ƙungiya masu aikin gini a Dir'iyya za su haɗa wurin zama na ƙarfe da katako a ranakun hutunsu, "irin na Rumawa". Sakataren ilimi, Malam Basiru, ya zo har gida ya roƙi in rubuta shawara, saboda ya ji na taɓa ganin irin waɗannan gine-gine da idona. Na gani kuwa: na El Jem a Tunisiya a 1984, na birnin Rum a 1991. Na rubuta shafi huɗu, na miƙa masa hannu da hannu ranar 19 ga Satumba. Ga abin da ya biyo baya.

1. Takardar gayyata. An buga ta da sunana a ƙasa, wai "mai ba da shawara kan tarihi", alhali babu jimla ɗaya tawa a ciki. Hoton da aka manna a gaba ma ba na dandalin ba ne. Gidan wasan kwaikwayo ne, mai siffar rabin faifai, inda 'yan kallo ke fuskantar gefe ɗaya. Wanda ake nufi kuwa, Kolosiyam na birnin Rum, kewayayye ne, mai siffar ƙwai, fili a tsakiya. Da ɗalibar shekarar farko ce ta kawo mini wannan kuskure, da sai ta sake aikin. A cikin takardar an ce sarkin Rum yana juya babban yatsa ƙasa a kashe mayaƙi. Ana faɗa, na sani, direbobin tasi ma suna faɗa. Amma masana har yau ba su daidaita kan yadda ake juya yatsan ba. An kuma ce duk wanda ya shiga filin gawarsa ake fitarwa. Mayaƙin da aka ciyar, aka horar shekara da shekaru, ba a zubar da shi kamar ruwan wanki a fitowar farko. Na tambayi Malam Basiru inda ya samo waɗannan, ya ce a waya. Allah ya ƙara wa wayar ilimi.

Wannan duk da sauƙi, Ranka ya daɗe. Ƙarya a kan matattun shekara dubu biyu ba ta karya ƙafar kowa. Na sa ta a farko ne don a san irin karatun da aka gina sauran a kai.

2. Ƙofa. Dandalin Rum yana da baka tamanin, wato ƙofofi masu lanƙwasa a sama, a hawan ƙasa, zagaye da shi. Saba'in da shida na jama'a ne, kowace da lambarta a sassaƙe a dutse, kuma wasu lambobin suna nan, na karanta su. Mutum ya shiga ta bakarsa, ya hau matakalarsa, ya ɓullo kusa da wurin zamansa, bai gogi kafaɗar wanda ke wancan gefen ba. Ana cewa mutum dubu hamsin kan watse daga ciki a minti goma sha biyar. Wannan ma ban gaskata ba, don ban san wanda ya tsaya da agogo ba. Amma lissafin ƙofofin ba ya buƙatar agogo. Rumawan nan ba su da imani, suna tara jama'a don a kalli jini, amma sun san cewa taro kamar ruwa yake, wanda bai yi masa magudana ba zai sha shi. Duk girman ginin nan, rabinsa hanya ce.

Namu an ce zai ɗauki mutum ɗari bakwai. Ƙofarsa ɗaya, na auna ta da mayafina, ba ta kai kamu uku ba. Sauran kewayen an rufe shi da kwano an ɗaure da waya. Da na nemi dalili, sai aka ce kwamiti yana so duk mai shiga ya bi ta gaban kujerun manya ya kwashi gaisuwa, kada a ce an yi taron Hausawa wani ya shigo ta bayan dattawa. Ina girmama gaisuwa, na girmi duk wanda zai zauna a kujerun nan. Amma ban taɓa jin inda aka toshe wa mutum ɗari bakwai hanyar fita don mutum goma sha biyu su ji daɗin a rusuna musu ba.

3. Takalma. Tunda an shimfiɗa darduma daga ƙofa har gaban manya, kowa a bakin ƙofar yake tuɓe takalmi. Wannan ko Rumawa ba su hango shi ba, namu ne na kanmu.

Ranar Juma'a, 17 ga Oktoba, aka yi gwaji bayan La'asar. Ina wurin. Mutanen da suka zo ba su wuce ɗari da hamsin ba. Da aka kira Magariba kowa ya miƙe lokaci ɗaya, kamar yadda Musulmi ke yi ko'ina. Na gaba suka duƙa suna tonon silifa a cikin tsibi, na baya ba su ga abin da ya tsayar da su ba, suka turo. Zeinabou, matar da ke zama a layin gaba a ajina, mai cikin wata bakwai, ta faɗi a kan gwiwoyinta a cikin takalman, mutum biyu suka faɗo mata. Ni na riƙe kanta a cinyata. Tana ta ce mini, Inna, duba mini ko yana motsi. Ya motsa, alhamdu lillahi, likita ma ya tabbatar. Amma minti goma sha ɗaya aka yi kafin ƙofar ta sarara, kuma wannan karon akwai mai agogo, ni ce. Babu wuta, babu hayaƙi, babu wanda ya tsorata, kiran salla ne kawai. Ina roƙon Shugaba ya ninka ɗari da hamsin ɗin nan kusan sau biyar, ya ƙara da tukunyar gas ta masu shayi da aka ajiye a gindin matakala, ya ga amsar da zai samu.

4. Wurin mata. An kai mu can ƙololuwa, hawa na tara, matakala ɗaya, mu da goyo da tsofaffi. Malam Basiru ya ce haka Rumawa suka yi. A nan kam ya yi gaskiya, kuma ita ce gaskiya ɗaya tak da ya tsinta a shafukana huɗu. A Rum manyan majalisa ne a ƙasa kan marmara, talakawa da mata a can sama kan katako. Wato cikin duk abin da ginin ya ƙunsa, bakuna, matakalai, magudanan ruwa, rumfar da matuƙan jirgin ruwa ke ja don inuwa, kwamiti bai ga abin kwaikwayo ba sai jerin wa ya fi wa. An ɗauko girman kan, an bar hankalin. Idan abin raba maza da mata ne, ba ni da ja, a raba mu gefe da gefe, kowa da ƙofarsa. Amma wanda ya fi kowa nauyin tafiya ba a ɗora shi inda ya fi ko'ina nisa da ƙofa.

5. Ƙasa. Ƙafafun ƙarfen gefen gabas a kan yashi suke, an tallafe su da bulo. Mamane, mutumin Maraɗi da ke jagorantar masu haɗawa, shekararsa goma sha huɗu yana kafa irin ƙarafan nan a wuraren gini. Ya gaya mini da bakinsa cewa a wurin aiki, da ya kafa haka, injiniya ba zai bari ko kyanwa ta hau ba. Ya ce ya faɗa wa kwamiti, aka ce masa shi da aka kira ya ɗaure ƙarfe, wa ya tambaye shi fatawa. Ya ci gaba da ɗaure ƙarfensa, don wani ɗan kwamitin ne ya haɗa shi da kafil ɗinsa, uban gidan da ya tsaya masa, kuma mai iƙama, takardar zama, a hannun wani ba ya ɗaga murya. Na ambaci sunansa da izininsa, kuma ina sa ido in ga abin da zai same shi.

Tunda ana son tarihin Rum, ga wanda ba a sa a takardar gayyata ba. A shekara ta 27 Miladiyya, a wani gari kusa da Rum mai suna Fidene, wani ɗan kwangila ya kafa dandalin katako a kan ƙasa mara ƙarfi, bai ɗaure shi da kyau ba. Jama'a suka cika shi, ya rufta. Wani marubucinsu ya ce mutum dubu ashirin suka mutu, wani ya ce dubu hamsin tsakanin matattu da raunana. Ban yarda da ƙidayar ko ɗaya ba, mutanen da suna son manyan lambobi. Abin da na yarda da shi, bayan nan majalisarsu ta hana a sake kafa irinsa sai an gwada ƙarfin ƙasa. Idan Rumawa kwamiti yake kwaikwayo, to na Fidene ya kwaikwaya.

6. Amsar da na samu. Ranar 10 ga Oktoba na yi wa Malam Basiru magana, ya ce Hajiya ta kwantar da hankali, komai nufin Allah ne. Ranar 17, bayan faɗuwar Zeinabou, na tare ka da kanka a bakin mota. Ka ce za a duba, ka sa aka ba ni ruwan sanyi. A bayana kuma na ji wani ɗan kwamiti yana cewa boko ne ya yi wa tsohuwa yawa. Na gode da ruwan. Nufin Allah kuwa, na yi imani da shi tun kafin a haifi Malam Basiru, kuma ban ga ya hana ɗayanku ɗaura bel ɗin mota a titin Makka ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman:

(a) A cire kwano a buɗe aƙalla ƙofofi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, a bar su a buɗe har a tashi. Mai son gaida manya ya zagaya ya gaishe su.

(b) A naɗe dardumar bakin ƙofa, kowa ya shiga da takalminsa, ko a ba shi leda ya riƙe.

(c) A sauko da mata, yara da tsofaffi hawa uku na ƙasa a gefe ɗaya, a fitar da gas daga gindin matakala.

(d) A bar Mamane ya sake kafa gefen gabas yadda ya san ana yi, kada kowa ya hau sai ya ce a hau.

(e) A cire sunana daga takardar gayyata. Wannan ko an yi sauran ko ba a yi ba.

Ina jiran amsa a rubuce zuwa Juma'a, 31 ga Oktoba. Idan ranar ta wuce ƙofa tana nan ɗaya, zan gaya wa matan ajina su zauna a gida da 'ya'yansu, sannan in sa ɗana ya kai ni ofishin Difa'ul Madani, masu kula da gobara da haɗarin taro, in kai musu hotunan wurin. Na san abin da hakan ke nufi. Za a iya hana bikin, za a iya yi wa mutane tambayoyin da ba sa so, za a ce Hansai ta kai 'yan'uwanta ƙara wurin Larabawa. Ba na so, shi ya sa na fara da kai, kuma ban ba kowa kwafen wannan takarda ba.

Amma Shugaba ya sani, idan mace ta rasu a cikin wannan ƙungiya, ni ake ɗauka a mota in je in yi mata wanka. Shekara tara ke nan, na wanke goma sha uku, kowacce da ajalinta ta tafi, ban yi ƙorafi ba. Ba zan wanke wadda aka tattake a kan silifa ba alhali na ga abin yana tahowa na yi shiru.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira. Ka huta lafiya.

Taka cikin girmamawa,

Hajiya Hansai Badamasi
Lambar rajista 58