'Yan Tsakin Kazar Inna

Gaya, tsakiyar damina, 1956

Zuwa ga yayana Hamani a Kumasi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Zuwera da 'yarmu Indo. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan mun gode Allah, gero ya yi kyau, kogi ya cika har jirgin fito na Malanbil yana shan wahala. Ni ce ƙanwarka Zalika, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Baba yana nan, amma tun rasuwar Inna bai koma yadda ka san shi ba. Tuwo sai na tsaya a kansa, kasuwa kuwa ya bar ta ɗungum.

Ka san al'adar Inna, duk jikan da aka haifa sai ta ba shi kaza daga irin nata, ta zama dukiyarsa ta fari. Kowa ya samu ban da Indo, don an haife ta can ƙasar mutane. Har ranar da za ta cika tana cewa idan wake-waken kazarta ta ƙyanƙyashe a ware wa Indo. To, annoba ta bi kajin unguwa da bazara, wannan kaɗai ta tsira. Ta ƙyanƙyashe, muna murna, sai muzuru ya ɗauke ta ya bar mana marayun 'yan tsaki.

Ni dai na yi yadda Inna ke yi. Na share akurki, na barbaɗa toka saboda ƙuma, na aika Tunuga aka kawo mini busasshen ƙaiƙayin shinkafa na shimfiɗa, na rufe baki da tsohon kwando. Baba ya leƙa, ya ce akurki ya yi laima, ba zai bar amanar matarsa a ƙasa cikin damina ba. Na ce a ɗora akurkin bisa duwatsu, a ƙara ƙaiƙayi. Ya ce ƙaiƙayi ƙaiƙayi ne da shi, jarirai ba sa kwana a kai. Ka ji fa, mutumin da bai taɓa watsa wa kaza tsaki ba! Na yi masifata har Ajuma maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, amma ka san Baba idan ya kafe.

Ya kwashe su ya kai ɗakin Inna, ya zuba su cikin kwandon kaɗinta, bisa audugar da ta shiɓa ba ta kai ga kaɗawa ba. Ya ce nan ya fi taushi, kuma hannunta ya taɓa wurin. Wallahi Yaya, da na ga yana zaune bakin kwandon yana yi musu magana, yana murmushin da rabon da in gani tun kafin jana'iza, sai na haƙura. Na bar shi.

Ɗan tsako duk abin da ya gani sai ya tsattsaga. Suka yi ta haɗiyar auduga, zarenta yana naɗe musu ƙafafu. Da safe na shiga da tsaki na iske Baba durƙushe yana warware zaren da farce. Wasu sun riga sun sandare, sauran suka bi su kafin la'asar. Ɗaya ce ta rage, ita ma yatsanta guda ya tsinke. Ban ce masa "ai na faɗa maka" ba. Shi ya ɗauke ta da hannunsa ya mayar akurki, ya gyara ƙaiƙayin, ya haƙa rami bayan rumbu ya rufe sauran. Na yi kuka ranar nan kamar Inna ce ta sake mutuwa.

Yanzu 'yar tsakon tana ci, har fiffike ya fara fitowa. Baba ne ba ya ci. Na ce masa za a ba fatake ita su kai wa Indo idan ta yi ƙwari, ya ce a'a, Inna hannu da hannu take bayarwa, shi ma haka zai yi.

Ka gaishe mini da Zuwera da Indo, da kawu Alassan idan kun haɗu a zango. Ajuma da mijina Kabo suna gaishe ka. Na tambayi Baba saƙonsa, ya ce: "Ki ce masa ya kawo yarinyar ta amshi kazarta. Kada ya jira sai ta fara ƙwai, ni ba zan kai lokacin ba."

Ka taho, Yaya.

Ƙanwarka,
Zalika