Akwatin Iskar da Ka Kulle a Ɗakinka

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

"Yaya, wallahi ba zan hau jirgi ba sai na mayar wa motar nan akwatin iskarta." Haka ka ce mini a bakin ƙofa kana ɗaura igiyar takalmi. Jirgi ya tashi da kai, akwati na ƙarƙashin gadonka, ɗaki a kulle, makulli a aljihunka.

Amma bari in gaishe ka tukuna, tarbiyyar Inna ba ta bar ni ba. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da amaryarka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Kawu ta warke, har ya koma surutu a majalisa. Inna ce dai sai a hankali, wankin ƙodar nan yana gajiyar da ita.

Kai ka cire akwatin da motar ta zo da shi, da bututun da ke jawo mata iska mai sanyi daga gaba, ka ɗaura wani jan abu mai kama da mazurari daf da injin, don ta riƙa ruri idan ka taka. Ruri kam tana yi. Na karanta littafin motar daga bango zuwa bango, kuma maganar ba ta da wuya: iska mai zafi ba ta da kauri, injin da ke shaƙar hucin kansa ba ya ja. Da safe ba a ganewa. To, da motar nake kai Inna asibiti, kuma layinta bayan azahar ne, sai mun dahu a cunkoso, sannan mu fuskanci hawan nan na gaban asibiti.

Ranar Talata na taka totur har ƙasa a kan hawan. Mota ta cika unguwa da kuka tana rarrafe, babbar mota na danna mana oda ta baya, wani mai tura baro ya wuce mu har ya yi mana sannu. Ko da muka isa, an ba wani na'urar da ake mata wankin ƙoda. Inna ta zauna kan benci har bayan la'asar, ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfin silifas. Ba ta yi ƙorafi ba, cewa ta yi kada in gaya maka, wai hankalinka zai tashi. To, ya tashi.

Bakanike ya yanka gwangwani ya yi wa mazurarinka shinge daga zafin injin, ya ɗan taimaka, amma hawan bai san da zamansa ba. Ya zaga 'yan kayan gyara kaf, suka yi masa dariya, wai motar ta girmi gemunsa, irin akwatinta ya ƙare a kasuwa. Saura guda ɗaya, kuma ka san inda yake.

Da tuni na ɓalle ƙofar, Inna ce ta hana. Ta ce ba a fasa ɗakin matafiyi, kamar an fid da rai da dawowarsa ne. Kullum da safe sai ta share bakin ƙofar da kanta, tana dafa bango. Ni ba zan iya musu da ita ba, amma kai Auta ne, ko ƙasa ka ce mata sama ce za ta ɗaga kai ta duba. Ka kira ta, ka gaya mata da bakinka cewa ka yarda a buɗe. Ba na son saƙon murya mai cike da "in sha Allahu, Yaya", na tara su da yawa.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, haka maigidana da yara. Ka gaishe mini da amarya, ita ba ruwanta.

Na ba ka zuwa Juma'a. In ta wuce ba ka kira ba, ranar Asabar zan kai Inna wuni gidan Gwaggo, in kawo kafinta ya cire ƙofar ɗungurungum, bakanike na tsaye da sifanarsa. Da yamma ni zan gaya mata abin da na yi, ina durƙushe a gabanta. Za ta yi fushi da ni, wataƙila ta yi kuka, kuma zan ɗauka. Amma ranar Talata a kan lokaci za ta hau na'urarta.

Yayarka,
wadda ta goya ka.