Kafson Baffa a Ƙwaryar Wule

Babban Duhu,
farkon damina, 1975.

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aikin gadi, yaya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun 'yar yaƙi da jahilci ne.

Murar da ta zaga gari ta kwantar da mu duka. Ni na miƙe, amma mahaifinka Baffa bai miƙe ba. Tari ya zauna masa, ga zazzaɓi, in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙari. Ka san halinsa, ko wuta ke cinsa cewa zai yi da sauƙi. Da ƙyar ɗan'uwanka Sahabi ya goya shi a keke zuwa ɗakin shan magani na Safana. Malamin asibitin ya sa abin awo a bayansa, ya ce mura ta wuce amma ta bar ƙofa a buɗe, wani ciwo ya shiga huhu. Ya ba da kafso, ya ja kunne a shanye duka ko an ji sauƙi, in ba haka ba ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Sahabi ya tafi fatauci. Saura ni da Baffa da Wule, saniyar nan tilo da fari ya bar mana. Ni suruka ce, ba zan tsaya a kansa yana ci ba. Nakan ajiye fura da maganin a kan faifai a bakin ƙofarsa, in yi gyaran murya, in koma ɗakina. Gidan ya yi mini girma.

Taka,
Ramatu.

Babban Duhu,
tsakiyar damina.

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙalau kake. Duk ranar kasuwar Batsari nakan aika a tambayi direbobi, shiru. Ko takarda ce ta yi tsada a garin masu mai?

Baffa ya ɗan ji sauƙi, har ya fito ya sha hantsi, sai ciwon ya dawo ya fi na da. Na rasa dalili, tunda kullum ina tarar da faifan babu magani. Shekaranjiya na je wanke ƙwaryar dusar Wule, sai ga ɓawon kafso a gindin turke. Ashe ita ma ta soma tari, shi ne yana jin dama-dama ya riƙa fasa nasa yana barbaɗa mata.

Na yi fushi, amma na kasa ganin laifinsa sosai. Wule jikar saniyar da marigayiya innarka ta zo da ita ce. Kowace safiya ina jin shi yana yi mata Fillanci a hankali, hirar da tun da ka tafi bai yi da kowa ba.

Na taka har Safana. Malamin ya yi faɗa, ya sake ba da wani, ya ce lallai a sami mai ganin wucewarsa ta maƙogwaro. Ƙanwarka Uwani tana jego a Karare. To wa ya rage? Ina jin tsoro, maigida.

Taka,
Ramatu.

Babban Duhu,
gero ya fitar da kai.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa wannan ta same ka.

Na shiga ɗakin Baffa. Na durƙusa a gabansa da ruwa da kafso a tafin hannuna, na ƙi tashi. Ya ce in ajiye in fita, na ce ya gafarce ni, ba zan fita ba sai na ga ya haɗiye. Ya juya fuska bango ya haɗiye, ni kuma hawaye na zuba don kunya. Haka muka yi safe da yamma har maganin ya ƙare. Matan unguwa sun ce na wanke idona da toka. Su faɗa, ba su ne za su kalle ka in ka dawo ka tarar da kabari ba.

Baffa ya warke, alhamdulillahi, har yana zagaya gona. Wule ce ba ta tashi ba, an yanka ta kafin ta mutu. Da kansa ya cire turken. Tun ranar bai ƙara ce mini uffan ba, gaisuwa ma da kai yake amsawa.

Ban yi da-na-sani ba. Sai dai da, da tarinsa nake sanin akwai mutum a gidan nan. Yanzu tarin ya tafi. Na tsare maka ubanka, ka zo ka yi masa magana, ni ma in ji muryar mutum.

Taka har kullum,
Ramatu.