Kwamfutar Marigayi Tana Kiran Sunana

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Mai gidana, Malam Muhyiddeen, ya buɗe shagon buga takardu a Ƙofar 'Yandaka, shi da amininsa Hussaini, daidai lokacin da soja suka sauka, 'yan siyasa na ta kawo aiki. Sun sha gardama kan abu guda. Shi marigayi ya shiga cibiyar manhajar, wadda ke juya kwamfutar shagon gaba ɗaya, ya sa in ta samu matsala ta faɗa da Hausa, da irin lafazinsa. Hussaini kuwa ya ce cibiya lambobi kawai ya kamata ta bayar, wata manhaja daban ta fassara su.

Bara Allah ya yi wa mai gidana rasuwa, na karɓi shagon. Ran Talata da hantsi ina cikin buga takardar wani kansila, allon ya yi baƙi ƙirin, sai ga rubutu: "Lailatu, na gaji, a duba ni." Haka yake ce mini a asibiti, wallahi. Jiya kuma: "Lokaci ya kusa, kwashe abin da za ki kwashe." Ban taɓa ganin waɗannan ba yana raye. Yanzu ko ƙurar kujerarsa ba na iya sharewa. Hussaini na so ya goge komai, ni kuwa ji nake kamar za a sake binne shi.

Mai takaba a zuci, Katsina

Lailatu 'yata, Allah ya jiƙansa. Wanda ya tafi ba ya dawowa ta allo. Na tambayi masana, sun ce ma'ajiyar bayanan kwamfutarki ce ke shirin lalacewa, mijinki kuma ya tanadi gargaɗin tun yana da lafiya, don ke ya san zai bar wa shagon.

Marigayi da Hussaini, kowannensu da gaskiyarsa. Tsarin mijinki na magana ko da sauran manhajoji sun tsaya cik, shi ya sa saƙon ya iso gare ki. Amma bai faɗi inda ciwon yake ba. Lambobin Hussaini za su nuna wa mai gyara, kuma ana iya sauya kalmomi ba tare da an taɓa cibiya ba.

Yau ɗin nan ki kwashe ayyukan mutane. Ki sa Hussaini ya buga miki duk kalaman marigayi a takarda, ki adana, sannan ki bar shi ya yi gyaransa. Ki yi wa mijinki sadaka. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya albarkaci shagon.

Gwaggo