Shafin da Aka Buga wa Hatimina Ban Sani Ba

Daga: Tsuruoka Chinatsu,
Unguwar Bakin Tasha, Kushiro.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Koke-koke,
Ofishin Kula da Harkokin Inshora.

9 ga Fabrairu, 2017.

Ranka ya daɗe,

Game da: Cusa min inshorar da ban nema ba

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Oktoban bara, Uwargida Oikawa, wakiliyar wani kamfanin inshora, ta zo gidana. Abu ɗaya na nema: tanadin karatun 'yata Nazuna, mai shekara ɗaya da rabi. Mijina yana jirgin kamun kifi, mu biyu ne a gidan.

2. Da aka zo buga hatimin sunana a madadin sa hannu, yarinyar tana ta rigimar haƙori a kafaɗata. Uwargida Oikawa ta ce in kawo ta buga min, kada in ɓata takarda da hannu ɗaya. Na miƙa mata. Na san tun muna yara ake gargaɗinmu kada hatimin suna ya bar hannun mai shi. To amma, ranka ya daɗe, tun da muka tare a garin nan ita kaɗai ce ta taɓa cire takalmi a ƙofata. Takan kawo min kabewa daga lambunta, tana tsokanata wai shinkafata ta cika ruwa.

3. Sai a watan jiya, da na ga abin da ake cira daga asusuna ya zarce yadda muka yi, na zauna na karanta. Ashe an ƙara shafi guda: za a biya ni kuɗi idan Nazuna ta mutu. Ba a karanta min ba, ban nema ba, ba kuma zan taɓa nema ba.

4. Kamfanin ya ce tunda hatimina yana kan shafin, na amince ke nan, kuma in na soke shafin, tanadin karatun ma ya rushe. Uwargida Oikawa kuwa ta daina ɗaukar wayata.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya sa a cire shafin nan, a bar wa yarinya karatunta. Ba na neman a kori kowa daga aiki. Mijina zai sauka a watan Afrilu, ban gaya masa ba, don ban san da wane baki zan ce an yi wa ran 'yarsa farashi da sunana ba.

Na gode. A huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Tsuruoka Chinatsu