Da Zinaren Caca Na Biya Wa Inna Makka

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da ƙanana, Allah Ya ƙara mana rufin asiri. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san ni mai laifi ne. Mafita nake nema.

Ni mutumin ƙasar Rogo ne, wajen Zoza, direban babbar mota, karatuna bai wuce sakandare ba. Ina ɗaukar gero da masara daga Kano mu wuce Agadas, wani lokaci har can cikin Sahara inda masu haƙar zinare suke. A wata tafiya bara kulocin motata ya ƙone a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, direbobi sun san shi. Gari ne da zinare ya haifa a tsakiyar yashi, babu gona, babu bishiya, ruwan sha ma a jarka ake saye, amma duk hajar da Shaiɗan yake talla akwai ta. Rumfunan karta a jere kamar na 'yan tumatir ranar kasuwa, janareta na ruri, nan kiɗan jita can ganga, mata na zagayawa da shayi da turare. Bakanike ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Agadas. Muka zauna jira ni da Sale, abokin tuƙina ɗan Ƙaraye.

Wallahi ban taɓa yin caca don kuɗi ba sai a garin nan. Kartar da na iya ta ƙuruciya ce, wadda muke yi a kan ƙwayar gyaɗa. Zafin rana ne ya koro mu daga ƙarƙashin mota, inuwar da muka samu kuwa ta rumfar karta ce, don mai rumfar yana da fanka. Sale ya ce, "Zauna mana Alaramma, tabarma ba ta karya alwala." Na ce kallo kawai zan yi. Wani siririn mutum mai rawani ya ɗago kai ya ce, "Ƙyale shi, ɗan Kano ne. Su sai ciniki, ba su da zuciyar wasa." Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta zaunar da ni. Na zuba kuɗin abincina, na ci wasan. Na ƙara, na ci. La'asar ta wuce ni a zaune, ina jin kiran salla kamar a wani gari ake yi. Da aljihun mai rawanin ya ƙare, sai ya kwance wani ƙullin tsumma daga ƙugunsa ya zazzage ɗanyen zinare a kan sikeli, abin da Allah kaɗai Ya san wuyar da ya sha a rami kafin ya tara. Abokansa na jan rigarsa ya tashi, ya ce sai ya rama. Bai rama ba. Da ya miƙe ko zagina bai yi ba, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita cikin ranar nan. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Na koma can daga baya na yi cigiya, aka ce masu rawani nawa ne suka fita haka? To wa zan mayar wa?

A hanyar dawowa zinaren nan ya hana ni sukuni, kamar garwashi na ɗaura a ƙugu. Sale ya ce, "Kai fa matsalata da kai zurfin tunani. Ka biya wa Inna kujerar Makka mana, ka ga an wanke shi ke nan." Ni kuma da guntun ilimina na ga ai shawara ce. Ina zan kai abu mai datti in ba wurin da ya fi ko'ina tsarki ba? Haka na yi wa kaina fatawa a bayan sitiyari.

Ku san wace ce Inna. Tun rasuwar mahaifinmu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raine mu. Mace ce da in kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanmu, sai ta aika da shi. Burinta ɗaya a duniya ta ga Ka'aba, ga gwiwa ta fara ƙi, ga ido ya fara hazo. Ranar da na gaya mata tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ma daina ɓara ba. Ta ce, "Tuƙin ne ya kawo wannan?" Na ce wani Alhaji na yi wa jigilar kaya, ya ji daɗin amanata ya yi mini ihsani. Ta ce, "Ka dai san ba a zuwa ɗakin Allah da guzurin haram." Jama'a, na rantse mata. Na kama sunan Allah na ɗora a kan ƙarya a gaban uwata, sannan ne ta ajiye ƙwaryar ta fashe da kuka tana sa mini albarka.

Yanzu an gama bitar maniyyata, an ba su jaka, matan unguwa na daka mata yaji da dambun nama. Yara sun fara kiranta Hajiya, tana cewa ku bari sai na dawo. Kawuna ya tsaya a ƙofar masallaci yana nuna ni ga samari, wai ga ɗan halak. Na je Ƙaraye wurin wani malami na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa abokin naka Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki." Wani malamin kuma ya ce wadda ba ta sani ba babu laifi a kanta. Sale ya ce in ja bakina, laifin nawa, ladan nata. Amma ai ta tambaya! Ta so ta sani, ni na toshe mata hanya. In na faɗa, na san ko a ƙofar jirgi take za ta juyo, kuma da ƙarfin da ya rage mata ban ga wata shekarar ba, ni ma ba ni da halin sake biya. Ba tsinuwarta nake tsoro ba, ba ta iya ba. Kallon da za ta yi mini nake tsoro.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Kun san al'ada, maniyyaci kan zagaya neman yafiya. Inna ta bi gida-gida, har Yola ta Ƙaraye ta je wurin ƙanwarta da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda iyakar gona. Rariyar da ta ara tun ina yaro, sabuwa ta saya ta mayar. Da hantsi sai ta aiko in zo ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ta ce, "Kai, zauna." Na zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Na gama da gari, saura kai." Na ce, "Haba Inna, ni kuma me kika yi mini?" Ta ce, "Ranar da ka zo da maganar nan na zarge ka. Ko bayan ka rantse, raina bai kwanta ba, na yi ta cewa anya yaron nan? Zato zunubi ne, balle a kan wanda ya kama sunan Allah. Ba na so in tsaya a Arfa da haƙƙinka a wuyana. Ka yafe mini." Tana faɗa ta ɗago ta dube ni.

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Na yafe, Inna."

Jirginsu ya kusa tashi. In na yi magana na raba ta da Ka'aba, in na yi shiru na tura ta gaban Allah da guzurin da ta ce ba a zuwa da shi. Malamai, iyaye, don Allah ku dube ni kamar ƙaninku. Me zan yi?